Garin Gyaran Gira: Rikicin da Sabunta Manhaja Kan Haifar da Hanyoyin Kauce Masa

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa a yau babu wani fanni na ilmin kimiyya da ya wadatu daga na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Masanin labarin ƙasa da ita yake zana taswira, masanin ƙididdiga da ita yake tace alƙalumansa, likita kuma da ita yake nazarin hoton ƙwaƙwalwar majiyyaci. Amma akwai wata matsala da kan addabi dukkan waɗannan bayin Allah, wadda ba kasafai ake koyar da ita a aji ba. Mutum zai kwana da manhajarsa tana aiki lami lafiya, da safe ya ga saƙo cewa sabon bugu ya fito, ya danna maɓalli ya sabunta, sai kawai ya tarar da rabin kayan aikinsa sun ƙi motsi. Wani lokaci ma abin ya fi haka muni, domin kayan za su ci gaba da aiki, amma amsar da suke bayarwa ta sauya ba tare da ya ankara ba. Masu iya magana sun ce garin gyaran gira a rasa ido.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin da ya sa haka ke faruwa, da dabarun da masana suka ƙirƙiro domin shawo kan lamarin, sannan da matakan da ya kamata ɗalibi ko mai bincike ya ɗauka kafin ya taɓa maɓallin sabuntawa.

Uwar manhaja, fulogin da madogara

Manyan manhajojin zamani an gina su ne ta yadda za a iya maƙala musu wasu ƙananan manhajoji domin ƙara musu ƙwazo. Babbar ita ce za mu kira uwar manhaja, ƙaramar kuwa masu sana'ar suna kiranta fulogin. Shi fulogin ba ya iya tsayawa da ƙafarsa; yana shiga ne ta wasu ƙofofi da uwar manhajar ta tanada, yana kiran ayyukanta da sunayen da ta ba su, yana kuma karɓar amsa a sigar da aka yi alkawari. Matafiyin da ya taɓa ɗaukar na'urarsa daga Kano zuwa Maraɗi ya san irin wannan lamari, domin a Nijeriya galibin soket mai rami uku ne irin na Ingila, a Nijar kuwa mai ramuka kewayayyu ne irin na Faransa. Na'urar lafiyarta ƙalau, wutar ma tana nan, amma bakin bai zo ɗaya ba.

Bayan uwar manhaja, fulogin yakan jingina da wasu ƙunshin umarni da wasu mutane dabam suka rubuta, alal misali ƙunshin da ke yin lissafi, ko wanda ke karanta hotunan tauraron ɗan'adam. Duk abin da manhaja take buƙata kafin ta yi aiki shi ne madogararta. To, ita ma madogarar tana da nata madogaran, su ma suna da nasu, har abin ya zama kamar salsalar dangi. Ashe ke nan mutumin da ya girka fulogin guda ɗaya yana iya shigo da ƙunshi hamsin cikin na'urarsa, alhali bai san sunan ko da biyar daga cikinsu ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙunshi yana da masu shi, suna kuma fitar da sabon bugu a lokacin da suka ga dama, ba tare da shawartar juna ba.

Ma'anar lambobin bugu

Domin a rage wannan ruɗani, masu rubuta manhaja da dama suna bin wata ƙa'ida ta ba da lamba wadda Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta, aka kuma fitar da bugunta na 2.0.0 a shekarar 2013. Bisa ga wannan ƙa'ida, kowane bugu yana da lamba uku da ɗigo a tsakaninsu, kamar 1.4.2. Idan gyaran kuskure kawai aka yi, sai a ƙara lambar ƙarshe ta zama 1.4.3. Idan an ƙara sabon aiki ba tare da an taɓa tsofaffin ƙofofi ba, sai a ƙara ta tsakiya ta zama 1.5.0. Amma idan an rushe wata ƙofa ko an sauya mata fasali, ta yadda wanda ya saba shiga ta nan zai yi karo da bango, to wajibi ne a ƙara lambar farko ta zama 2.0.0. Wato lambar farko gargaɗi ce.

Da wannan ne mai fulogin yake samun damar rubuta sharaɗinsa. Yana iya cewa ba ya son kowane bugu sai 1.4.2 tak, ko kuma ya ce daga 1.4.2 zuwa sama duk ya yarda. A tsarin npm, wato rumbun da masu harshen JavaScript ke ɗebo ƙunshi, idan aka rubuta ^1.4.2 ana nufin daga 1.4.2 har zuwa ƙasa da 2.0.0, idan kuwa aka rubuta ~1.4.2 ana nufin daga 1.4.2 zuwa ƙasa da 1.5.0.

Sai dai kuma ya kamata mai karatu ya sani cewa wannan ƙa'ida alkawari ce tsakanin mutane, babu wata na'ura da ke tilasta ta. Wasu manyan manhajoji ma ba su bin ta. Harshen Python, alal misali, ya cire wani tsohon sashe nasa mai suna distutils a bugu na 3.12 da ya fito a watan Oktoba na 2023, alhali lambar farko ba ta motsa daga 3 ba, kuma duk ƙunshin da ya dogara da wannan sashe sai da ya nemi mafita. Daɗin daɗawa, wani injiniya mai suna Hyrum Wright, lokacin da yake aiki a Google, ya lura cewa idan masu amfani da manhaja suka yawaita, duk wata ɗabi'a tata da ake iya gani sai an sami wanda ya dogara da ita, ko da kuskure ce. Saboda haka gyaran da wani ya ɗauka ƙarami ne yana iya zame wa wani babbar ɓarna.

Darasin QGIS

Misalin da ya fi kusa da ɗaliban jami'o'inmu shi ne na QGIS, manhajar zana taswira da nazarin bayanan ƙasa, wadda Gary Sherman ya soma a shekarar 2002. Da yake kyauta ake samun ta, sassan nazarin labarin ƙasa da tsara birane da aikin gona suna amfani da ita ƙwarai, kuma babban ƙarfinta shi ne ɗimbin fulogin da jama'a suka rubuta mata da harshen Python. Kowane fulogin yana ɗauke da ɗan fayil mai suna metadata.txt, inda mai shi yake bayyana mafi ƙarancin bugun QGIS da yake buƙata, da kuma iyakar bugun da zai iya jurewa. Idan bai faɗi iyaka ba, manhajar takan ɗauka cewa ya tsaya ne a ƙarshen jerin da ya ambata, wato wanda ya ce yana buƙatar 2.0 ana ɗaukarsa ya kai 2.99 ya tsaya.

A watan Fabrairu na 2018 aka fitar da QGIS 3.0. Wannan bugu ya sauya ginshiƙai biyu a lokaci guda: ya bar Python 2 ya koma Python 3, ya kuma bar Qt4, wato ƙunshin da ke zana tagogi da maɓallai, ya koma Qt5. Har ila yau an sake fasalin ƙofofin da fulogin ke shiga ta cikinsu. Sakamakon haka, fulogin da aka rubuta domin jerin bugu na 2 ba su aiki a sabon, sai an sake musu aiki ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda masu su ke nan kusa an gyara su, waɗanda kuwa masu su suka kammala digiri ko suka koma wata harka sai aka bar su a baya.

Shin me ya sa masu QGIS suka ɗauki wannan mataki mai tsauri? Dalili shi ne su ma suna da madogara. Python 3 ya fito tun watan Disamba na 2008, kuma masu kula da harshen sun sanar cewa za su daina kula da Python 2, abin da ya tabbata ranar 1 ga Janairu, 2020. Da QGIS ta ƙi motsawa, da ta wayi gari a kan tushen da babu mai toshe masa ɓaraka. Haka ma ya faru da Firefox a watan Nuwamba na 2017, lokacin da bugu na 57 ya daina karɓar tsofaffin fulogin baki ɗaya. Wannan ne ya sa Zotero, manhajar da masu bincike ke adana madogaran karatunsu a ciki, ta bar zama cikin Firefox ta koma cin gashin kanta a wannan shekara.

Bambancin Python 2 da Python 3 yana da wani ɓangare da ya shafi lissafi kai-tsaye. A Python 2, idan aka raba cikakkiyar lamba da wata cikakkiyar lamba, ana zubar da guntun da ya rage, wato 7 a raba da 2 sai ta ba da 3. A Python 3 kuwa amsar 3.5 ce. Mu ɗauki ma'aunin koren tsirrai da ake kira NDVI, wanda masu nazarin kwararowar hamada ke amfani da shi. Ana samun sa ne ta hanyar raba bambancin haske iri biyu da jimillarsu. Idan hasken farko 120 ne, na biyu 40, bambancinsu 80, jimillarsu 160, amsar da ta dace ita ce 0.5, alamar ƙasa mai tsirrai. Amma wannan layin umarni a Python 2 zai ba da 0, wato kamar ƙasar fako ce. Babu ƙararrawar da za ta kaɗa, babu saƙon kuskure da zai fito.

Idan sharuɗɗa suka ci karo

Matsala mafi sarƙaƙiya takan taso ne idan fulogin biyu suka dogara da ƙunshi ɗaya, amma sharuɗɗansu suka saɓa. Na farko ya ce sai bugu na 2.0 ko sama da haka, na biyu ya ce ba ya ɗaukar komai daga 2.0 zuwa sama. Da yake dukkansu a cikin uwar manhaja ɗaya suke zaune, kuma Python bugu ɗaya tak na kowane ƙunshi yake lodawa a zama guda, to dole ɗayansu ya haƙura. An ga irin wannan a watan Yuni na 2024, lokacin da NumPy, ƙunshin da kusan dukkan lissafin kimiyya a Python ya jingina da shi, ya fitar da bugu na 2.0, karo na farko da ya ƙara lambar farko tun shekarar 2006. Ƙunshin da aka harhaɗa a kan tsohon bugu sun ƙi aiki da sabon, kuma waɗanda ba su sa wa sharaɗinsu iyaka ba su ne suka fara faɗuwa, domin na'ura ta ɗebo musu sabon bugu kai-tsaye.

Aikin nemo haɗin da zai gamsar da kowa yana wuyan wata manhaja ce da ake kira mai kula da ƙunshi, kamar pip ko conda ko npm. Aikin ba ƙarami ba ne. Idan mutum yana da ƙunshi 20, kowanne yana da bugu 10, to yawan haɗin da zai yiwu shi ne 1 da sifili 20 a bayanta. Ko da na'ura tana gwada haɗi biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, sai ta shafe fiye da shekara 3,000 kafin ta gama. A shekarar 2005 Roberto Di Cosmo, wani masanin kimiyyar kwamfuta da ke aiki a Faransa, ya nuna cewa wannan matsala tana cikin mafiya wuya na ajin da masana lissafi ke wa laƙabi da NP, waɗanda har yau ba a gano hanyar warware su cikin hanzari a kowane hali ba. Abin da ke ceton mu shi ne dabara: na'ura takan zaɓi bugu, ta bi sharuɗɗansa, idan ta ci karo sai ta ja da baya ta sake zaɓi, tana watsar da dubban hanyoyin da ta tabbata ba za su ɓulle ba. Shi pip bai sami irin wannan dabara a matsayin tsarinsa na yau da kullum ba sai a bugu na 20.3, a ƙarshen watan Nuwamba na 2020. Kafin nan yana iya girka ƙunshin da suka saɓa wa juna, mai na'ura ya gano daga baya.

Tsakanin sakaci da tsanani

Mai karatu zai iya cewa, to ai maganin abin shi ne kowa ya ɗaure madogararsa a bugu ɗaya ya huta. Abubuwa biyu da suka faru sun nuna cewa wannan ma yana da nasa haɗari.

A ranar 22 ga Maris, 2016, wani mai rubuta manhaja mai suna Azer Koçulu ya janye ƙunshinsa fiye da 250 daga rumbun npm, bayan wata taƙaddama da kamfanin Kik a kan suna. Daga cikinsu akwai left-pad, ɗan ƙunshi mai layi 11 kacal, wanda aikinsa shi ne cike gefen hagu na rubutu, kamar mai da 7 ta zama 007. Nan take dubban ayyuka a faɗin duniya suka tsaya, har da manya irin su Babel. Cikin mintoci kaɗan wani ya ɗora madadinsa da lambar 1.0.0, amma matsalar ba ta kau ba, domin wani ƙunshi da ke tsakiyar salsalar ya gindaya cewa sai bugu na 0.0.3 tak. Sai da masu npm suka maido da wannan tsohon bugu da kansu, bayan kimanin awa biyu da rabi, sannan al'amura suka daidaita.

Na biyu shi ne abin da ya sami Log4j a watan Disamba na 2021. Wannan ƙunshi ne na harshen Java da ke rubuta tarihin abin da manhaja take yi, kuma an gano yana da wata kafa da ɓarawo zai iya bi ya ba na'urar wani umarni daga nesa. An fitar da bugu na 2.15.0 domin toshe kafar, sannan 2.16.0, da 2.17.0, da 2.17.1, duk a cikin wata guda. Amma mafi yawan ƙunshin da abin ya shafa ba kai-tsaye suka dogara da Log4j ba. Yana can ne a hawa na biyu ko na uku ko fiye a cikin salsalarsu, sai kowane hawa ya gyara lambar da ya rubuta kafin maganin ya iso ƙasa. Ashe ke nan wanda ya saki sharaɗinsa sabon bugu na iya karya shi, wanda ya ɗaure shi tamau kuma gyara na iya wuce shi.

Abin da ya shafi mai bincike

Ga masanin kimiyya, batun ya wuce na ɓata lokaci, ya shiga na sahihancin sakamako. Sharaɗin kimiyya shi ne wani ya iya maimaita aikinka ya sami abin da ka samu. A shekarar 2012 wasu masu bincike a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan suka wallafa a mujallar PLoS ONE sakamakon gwajin da suka yi wa FreeSurfer, manhajar da ke auna sassan ƙwaƙwalwa daga hoton MRI. Sun ba bugu uku na manhajar hotunan mutum 30, hotuna iri ɗaya, suka tarar cewa tsakanin bugu na 5.0.0 da waɗanda suka gabace shi, awon girman sassan ya bambanta da kimanin kashi 9 cikin ɗari a matsakaici. Wanda ya auna majiyyata da tsohon bugu, ya auna masu lafiya da sabon, zai iya ba da rahoton bambancin da manhaja ce ta haife shi.

Haka nan a watan Afrilu na 2019, harshen R da masana ƙididdiga ke amfani da shi ya gyara hanyar da yake zaɓen samfur bisa ƙuri'a a bugu na 3.6.0, saboda tsohuwar hanyar tana ɗan karkata idan yawan abin da ake zaɓa daga ciki ya yi girma. Gyaran daidai ne, amma ɗalibin da ya zaɓi ƙauyukan bincikensa da tsohon bugu, idan mai duba aikinsa ya maimaita umarnin da lambar tushe iri ɗaya a sabon bugu, wasu ƙauyuka dabam zai gani, sai fa in ya nemi tsohuwar hanyar da gangan.

Matakan kariya

Da farko, a rubuta. Kafin a taɓa komai, a adana jerin duk ƙunshin da ke cikin na'ura da lambar bugunsa. A Python umarnin pip freeze yana fitar da wannan jeri, a R kuma sessionInfo ke fitar da jerin waɗanda aka loda a zaman aikin. Ya kamata lambobin uwar manhaja da na fulogin su shiga babin hanyoyin bincike na kundin digiri, kamar yadda ake faɗin irin ma'aunin da aka yi awo da shi.

Na biyu, a bambanta sharaɗi da kulle. Mai rubuta fulogin domin jama'a ya kamata ya ba da sarari gwargwadon abin da ya gwada, domin fulogin nasa ya iya zama tare da na wasu. Amma mai gudanar da aiki guda, kamar bincike, shi fayil ɗin kulle yake buƙata, wato fayil ɗin da ke rubuta ainihin bugun kowace madogara har zuwa ƙarshen salsala. Tun shekarar 2017 npm yake samar da irin wannan fayil da kansa, masu R kuma suna da renv.

Na uku, kowane aiki a ba shi ɗakinsa. Python da conda suna ba da damar keɓe mazauni dabam ga kowane aiki, QGIS 3 kuma ta zo da tsarin da mutum zai buɗe rumfuna daban-daban, kowace da nata fulogin. A gwada sabon bugu a keɓaɓɓen wuri, a bar na aiki yadda yake.

Na huɗu, a karanta bayanin sauye-sauyen da ke rakiyar kowane bugu, a kuma tabbatar cewa duk fulogin da aikin ya rataya a kansa yana karɓar sabuwar uwar manhajar kafin a ɗaga ta. A sabunta abu ɗaya a lokaci guda, bayan kowanne a maimaita wani ɗan lissafi da aka riga aka san amsarsa. Idan aka sabunta goma a tare abu ya lalace, ba za a san mai laifi ba.

Na biyar, a tanadi hanyar komawa. A ajiye fayil ɗin girka tsohon bugu a faifai, musamman a wurarenmu inda kuɗin intanet da ɗaukewar wuta kan hana a sake sauko da manyan fayiloli cikin sauƙi. Ɗakunan kwamfuta na sassa gara su zaɓi bugun da masu shi suka yi alkawarin kula da shi na dogon lokaci, su kuma yi sabuntawa a lokacin hutu. Ɗalibin da ya rage masa mako biyu ya miƙa kundinsa ya bar sabuntawa sai ya gama, in ba gyaran tsaro ba ne.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa manhaja gini ce da hannaye masu yawa suka ɗora, kuma lambar bugu da sharaɗin da ke tare da ita su ne igiyar da ta ɗaure ginin. Ƙin sabuntawa sam yana barin kafar ɓarawo a buɗe, sabuntawa ido rufe kuma yana iya sauya sakamakon aikin shekaru. Saboda haka muna kira ga sassan kimiyya na jami'o'inmu da su sanya wannan darasi cikin kwas ɗin hanyoyin bincike, su kuma nemi kowane ɗalibi ya bayyana bugun manhajar da ya yi aiki da ita a cikin kundinsa, domin wanda zai zo bayansa ya iya bin sawunsa ya isa inda ya isa.